Kibod Mai Kuka Da Sauran Masifun Da Na Kawo Gida

Sana'ata rubuta manhajar kwamfuta, kuma duk da mutane suna ɗauka aikin ƙwaƙwalwa ne zalla, wanda yake cikinta ya san cewa yatsu da wuyan hannu ne suke shan wahalar. Tun da na fara aikin, da kibod ɗin jikin laftof nake bugu, har aka wayi gari wuyan hannuna na dama yana zogi da zarar la'asar ta yi, ɗan ƙaramin yatsana kuma ya shiga yajin aiki, alhali shi ne yake ɗauke da waƙafi mai ruwa da baka da Enter, waɗanda a harsunan manhaja irin su Java da C da wuya a gama layi ba a taɓa su ba. Da na kai kuka wurin wani abokin aikina, wanda ya riga ni shiga harkar kuma ya fi ni son kashe kuɗi, bai tambaye ni komai game da ciwon ba. Laftof ɗin ya kalla cikin tausayi, sannan ya ce duk wanda bai taɓa bugu a kan kibod mai sifirin ba, bai fara sana'ar ba tukuna.

Daga nan ya zaunar da ni ya yi mini karatu. Ya ce kibod na gama-gari shimfiɗar roba ce mai ƙananan tuddai a ƙarƙashin madannai, kuma sai ka danne har ƙasa kafin harafi ya fito, shi ya sa yatsu suke gajiya. Mai sifirin kuwa, kowane madanni yana da nasa makunni, kuma a cikin tafiyar milimita 4 da yake yi, tun yana wajen rabi harafin ya riga ya fita. Ya bayyana mini launukan da kamfanin Cherry na Jamus ya shahara da su, waɗanda masu kwaikwayo suka ara: ja yana sauka sumul, ruwan ƙasa yana da ɗan tudu da yatsa zai ji, shuɗi kuma yana da tudun har da ƙara a kai. Ya ƙare da ambaton wani tsohon kibod, IBM Model M na shekarar 1985, yana sassauta murya cikin ladabi, ya ce har yau akwai masu aiki da shi.

Da wannan ilimi na shiga kasuwar kayan kwamfuta. Mai shagon, wani matashi mai saurin baki, bai bar ni na gama jero launukan ba ya ajiye mini wani kibod mai nauyi wanda sunan da ke jikin kwalinsa ban taɓa jin sa ba.

"Yallaɓai, shuɗi za ka ɗauka," in ji shi. "Shi ne na manya. Danna ka ji."

Na danna na ji, kuma gaskiya ya yi daɗi. Sai dai ya kamata mai karatu ya san cewa a lokacin akwai janareta biyu suna ruri a bakin shagon, maƙwabcinsa yana gwada lasifika, ga kuma masu babur suna ta ham, saboda haka abin da ya iso kunnena ɗan sauti ne mai natsuwa, irin na mutumin da ya san aikinsa.

Ni kuwa da dare nake aiki, domin a unguwarmu a lokacin aka fi samun wuta, kuma waɗanda nake yi wa aiki suna ƙasar da rana ba ta faɗi ba tukuna. Ƙarfe ɗaya na dare, gari ya yi tsit, na jona sabon kibod na fara bugu. Ban kai ƙarshen layi na uku ba uwargida ta ɗaga labule, idanunta a rufe rabi.

"Maigida, gugguru kake soyawa da tsakar daren nan?"

Na yi mata bayanin milimita 4 da kamfanin Jamus, ta saurara har ƙarshe, domin mace ce mai haƙuri, sannan jaririnmu ya ba da nasa ra'ayin daga cikin ɗaki da iyakar ƙarfinsa. Duk da haka na dage, saboda a ganina gida yana sabawa da komai, kuma lalle ya saba, amma ta hanyar da ban yi tsammani ba. Ba a daɗe ba uwargida ta koyi karanta aikina daga sautin kawai. Idan ta ji bugu ya miƙe babu tsayawa, ta san abu yana tafiya. Idan ta ji shiru mai tsawo, sannan madanni guda yana ta kuka shi kaɗai, ta san gogewa nake yi, sai na ji murya daga ɗaki tana cewa, "Yau ma bai yi ba ke nan?" Mutum yana iya jure wa manhaja ta ƙi aiki, amma a riƙa yi masa jaje a kai daga kan gado, wannan wani nau'in jarrabawa ne dabam. A taron ofis na intanet ma asirina bai rufu ba, domin shugaban tawagarmu yana cikin jawabi ya dakata ya roƙi wanda yake rubuta littafi ya kashe makirfo, kuma kowa ya san ni ne, kowa kuma ya gane ba jawabin nake rubutawa ba. Da na mayar da kibod ɗin, mai shagon ya tuna mini cewa kayan da ya bar shago ya bar shago, sai dai in sake fitar da kuɗi in sayi wani.

Na fitar, na ɗauki ɗan ƙarami mai jan makunni, irin wanda ake kira kashi 60 cikin ɗari, mai madannai 61 maimakon 104 na cikakken kibod. Hikimarsa ita ce hannu ba zai yi nisa ba wajen kai wa ga linzamin kwamfuta, wato mouse. Ba shi da kibiyoyi, ba shi da layin F1 zuwa F12, duk an ɓoye su a ƙarƙashin wani madanni mai suna Fn, ta yadda matsawa layi ɗaya sama sai an haɗa yatsu biyu, wasu umarnin kuma har huɗu. Ciwon da yake a yatsa ɗaya ya samu 'yan'uwa. Shi ma ya bi na farko cikin kabad.

Ana cikin haka ɗan ƙanen mahaifiyata, wanda yake kasuwanci a Maraɗi, ya zo ziyara da tsaraba a cikin leda.

"Yaya, na ji an ce kibod kake nema. Ga wannan, na Turai ne, ba ya ƙara ko kaɗan."

Ban taɓa ɗora hannu a kan abu mai daɗinsa ba. Yana da faɗi, yana da ɗan lanƙwasa a tsakiya, ga matashin ɗora tafin hannu, kuma madannansa suna sauka shiru. Sai da ya koma na lura cewa layin sama ba da QWERTY ya fara ba, wato tsarin da muka gada daga tafiretar Sholes wadda kamfanin Remington ya fara sayarwa a 1874. Da AZERTY ya fara, tsarin Faransawa, wanda shi aka saba da shi a Nijar. A da Q sun yi musayar wuri, Z da W ma haka, M kuma ya baro layin ƙasa ya dawo kusa da L. Da yake ni mai ɗan satar kallon madannai ne idan na zo kan alamomi, sai na sauya tsarin kwamfutar zuwa na Faransa domin abin da ido ya gani ya dace da abin da zai fito. Nan na tarar cewa lambobi sai da Shift, aya ma sai da Shift, bakan nan mai lanƙwasa kuwa, {, wanda mai rubuta manhaja yake buɗewa dare da rana, sai an danne madannin AltGr an haɗa da 4. Na ce ba komai, Faransawa ma suna rubuta manhaja, kuma ba su fi ni yatsu ba.

Abin da ban yi lissafi da shi ba shi ne, yatsu suna da nasu haddar, kuma ba sa neman izini. Ranar da nake nuna wa wani mai ba mu aiki abin da muka gina, allona yana bayyane a gabansa, na yi tuntuɓen harafi guda, hannuna ya tafi inda ya saba domin danna Ctrl da Z a janye kuskuren. A sabon tsarin W ne yake zaune a wurin, kuma Ctrl da W rufe shafi yake yi. Shafin ya ɓace. Na yi murmushi na buɗe wani, na kai hannu zan zaɓi dukan rubutun da Ctrl da A, alhali Q ne a gurbin, kuma a kan Linux, babbar manhajar da kwamfutata take tafiya a kanta, Ctrl da Q sallamar manhajar ce gaba ɗaya. Abin da ya rage a allon shi ne hotona na ranar Sallah, cikin babbar riga, ina riƙe da ƙahon rago. Mutumin ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce ragon yana da kyau. Da na buga wa ɗan'uwana waya da daddare, cewa ya yi, "Haba Yaya, mu nan haka muke bugawa kullum, kuma ba wanda ya mutu."

Ƙofar kabad ɗin da ta karɓi kibod na uku ta fara ƙin rufuwa, sai na kira wani dattijon kafinta na bakin layinmu. Yana gyaran yana kallona ina bugu a kan laftof, kafaɗuna sun kusa taɓa kunnuwana.

"Injiniya, wannan ai teburin cin abinci ne, kujerar kuma ta yi masa ƙasa. Ko ni ba na randa a kan bencin da ya wuce ƙuguna."

Na ce masa, "Baba, ai na sani," na kuma ƙara masa da cewa masana suna son gwiwar hannu ta tsaya a kusurwar digiri 90, wuyan hannu kuma ya miƙe ba tare da ya karye sama ba, domin kada ya ɗauka shi ya fara ganowa. Ya ce to, ya ɗauko zarto. Muka kifa teburin a tsakar gida, ya auna da ɗan yatsa, ya rage ƙafafu huɗun daidai wa daida, uwargida tana tsaye tana kallo ba ta ce uffan ba. Da aka mayar da shi ɗaki na jawo kujera zan zauna, hannuwana suka sauka a kan madannai yadda littafi ya ce, amma gwiwoyina suka ƙi shiga ƙarƙashin teburin, domin aljihunsa ya sauko ya tare hanya. Baba ya duƙa ya duba, ya ce matsalar yanzu ta koma kan kujera, kuma da yake ta ƙarfe ce ba aikinsa ba ne, amma yana da ƙane mai walda a bayan tasha, zai turo shi gobe da safe.