Tsuntsun da ya kumbura da sanyin safiya ba ciwo yake ba

A Ingila, a farkon watan Maris, sai ka wayi gari raɓa ta daskare a kan ciyawa fari fat. Ka leƙa lambu, ga ɗan tsuntsun nan mai jan ƙirji da Turawa ke kira robin a kan reshe, ya kumbura ya zama kamar ƙwallo, ƙafa ɗaya a ɓoye cikin gashi. Wanda ya saba kiwon kaji, da ya gani sai ya ce ai wannan ciwo ya kama shi.

Lafiyarsa ƙalau. Tayar da gashinsa ya yi don iska ta maƙale a ciki, jikinsa ya ɗumama ta, ta zame masa bargo. Zafin jikinsa yana kaiwa digiri 40, alhali nauyinsa duka wajen giram 20 ne kawai, don haka kitsen da ya tara jiya a daren nan ya ƙone shi. Shi ya sa gari na wayewa yake rububin neman abinci, ga ƙasa ta ƙandare, tanar da yake ci ta yi wuyar samu.

Wanda ya kamata ka tausaya wa shi ne wanda rana ta ɗaga amma yana nan a takure, ido a lumshe, ka matso kusa bai tashi ba.