Riguna da kayan fata a Gidan Makama

Wani labari da aka rubuta ya yabi tsofaffin riguna da kayan fata da ake nunawa a Gidan Makama, gidan tarihi da ke Kano, amma bai taɓo batun adana su ba. Rigar saƙi mai rini ba ta son haske: kada ya wuce lux 50 (lux ma'aunin ƙarfin haske ne), kuma bayan wata 3 a mayar da ita ma'ajiya. Rataye ta a ƙusa ganganci ne, nauyin aikin adon da ke jikinta yakan yaga kafaɗa. Gara a shimfiɗe ta cikin akwatin gilashi. Fata kuwa, hunturu ke tsattsaga ta, damina ta sa mata fumfuna, sai a tsayar da danshin ɗakin tsakanin kashi 45 da 55 cikin ɗari. Gidan Makama ginin ƙasa ne, a riƙa duba gindin bango saboda gara.