Proud Mary ba waƙar Tina Turner ba ce

Wato mutum ya zauna gaban makirufo a gidan rediyo, ya saka Proud Mary ta ƙungiyar mawaƙan Amurka Creedence Clearwater Revival, ta ƙare, sannan ya buɗe baki ya ce wai wasu Turawa ne suka kwaikwayi waƙar marigayiya Tina Turner. Har da tsaki, wai sun ɓata mata waƙa. Waɗanda suka saurari shirin daren jiya sun san wanda nake nufi. Sannu malam masani, Allah ya ƙara basira.

John Fogerty, jagoran ƙungiyar Creedence, shi ne ya rubuta waƙar nan. Shi ya yi kalmomin, shi ya yi karin, shi ya rera, shi ya kaɗa jitar. Ta fito a watan Janairun 1969. Ta Tina da mijinta na lokacin, Ike, kuwa sai ƙarshen 1970 ta fito a faifansu, a 1971 ta shiga kasuwa ita kaɗai. Sai a gaya mini yadda aka yi na 1969 ya kwaikwayi na bayansa, ko duba yake yi?

Yaron nan shekararsa 23 lokacin. Ɗan El Cerrito ne a jihar Kalifoniya, bai taɓa taka bakin kogin Misisipi ba, amma ya zauna ya rubuta waƙar jirgin ruwa da ke yawo a kogin, har mutanen kudancin ƙasar Amurka suka riƙa ɗauka nasu ne. A 1968 takardar sallamarsa daga aikin soja ta iso, yana cikin fargabar kada a tura shi Biyetnam. Don murna sai da ya yi alkafura a ƙofar gida, ya shiga ɗaki ya ɗauki jita, baitin farko ya fito: mutumin da ya ajiye aiki mai kyau a birni ya kama gabansa. Sunan waƙar ma tuni yana rubuce a wani ɗan littafin da yake tara sunayen waƙoƙin da bai riga ya yi ba. Da suka shiga situdiyo a Hollywood, amshin abokansa bai yi masa ba, ya koma ya rera amshin da kansa, murya kan murya, har ransu ya ɓaci. Waƙar ta kai ta biyu a jadawalin Billboard na waƙoƙin da suka fi tashe a Amurka. A 1969 kaɗai faifai uku suka fitar, suka kuma hau dandalin babban bikin kiɗa na Woodstock.

Na san me za ku ce. Ta Tina ta fi daɗi, ta fi zafi, ita ta ci kyautar Grammy. To sai me? Ni ma ina son ta Tina, yadda take fara ta a hankali sannan ta ɓarke babu mai iya wannan sai ita. Amma iya rerawa daban, mallaka daban. Solomon Burke ma ya rera ta, Elvis ma ya rera ta, duk sai mu raba musu? Wani kuma zai ce ai kiɗan baƙaƙen fata ne tun asali. Fogerty bai taɓa musun inda ya koyi kiɗa ba. Wannan waƙar dai, wannan ɗin, hannunsa ne ya rubuta ta.

Abin da ya sa raina ya ɓaci da gaske shi ne, mutumin nan an riga an ƙwace masa waƙar sau ɗaya, a takarda. Yarjejeniyar da suka sa wa hannu da kamfanin Fantasy suna samari ta ba kamfanin haƙƙin waƙoƙinsa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Baƙin ciki ya sa ya yi shekaru ba ya rera waƙoƙinsa na Creedence a gaban jama'a. Abin ya kai har kamfanin ya maka shi a kotu, wai sabuwar waƙarsa ta yi kama da tsohuwar waƙarsa. A 1988 ya shiga kotu da jita a hannu, ya kaɗa wa masu yanke hukunci, ya yi nasara. Sai a Janairun 2023 ya sayi mafi yawan haƙƙin waƙoƙin nasa, da kuɗinsa, yana da shekara 77. Abin dariya ma, tun 1987 mawaƙi Bob Dylan ya gargaɗe shi cewa in bai koma rera Proud Mary ba, duniya za ta ɗauka ta Tina Turner ce. Ashe har da gidan rediyonmu Dylan ya hango.

Faɗin sunan marubuci daƙiƙa nawa zai ci a shiri? Wayar da kake karanta gaisuwar masu saurare da ita, ita ce dai za ta gaya maka wanda ya rubuta.

Ni abin da ma ya fi tsaya mini a rai shi ne Tom, yayan John, wanda ke kaɗa jita ta biyu. Ya bar ƙungiyar a 1971, rigimar ta yi tsami, ya riƙa ɗasawa da mai kamfanin da ƙanensa ke shari'a da shi, kuma ya rasu a 1990 ba su gama shiryawa ba. Uwa ɗaya uba ɗaya fa. Shi ya sa duk lokacin da ƙanena ya zo da maganar mu haɗa jari mu buɗe shago, nake ce masa bari dai mu ga bayan sallah.