Alhaji Ƙanƙamo da dokar mutum hamsin

Abin nan washegarin babbar sallar 2020 ya faru, nan Damagaram cikin Birni, sallar da ta faɗo ran Juma'a 31 ga Yuli, shekarar korona ke nan da ko hajji ba wanda ya je sai mazauna Saudiyya. Kun dai san yadda muke yi, ran sallah a yanka a feɗe a tsire raguna jikin sanduna su wuni suna shan wuta, kashegari a sassara a yi rabo, kuma ran nan ne dangi ke cika gida har da waɗanda rabonka da su tun sallar bara. To shi Alhaji Ƙanƙamo duk shekara ba ranar da ya tsana irin wannan, bana kuwa sai ga dalili ya zo mai har gida. Tun da sassafe ya ja kujera bakin zaure, ya ɗaura takunkumin da tela ya ɗinka mai da ragowar atamfar amarya, ga kaye da bik a hannu, ga buta ɗaya da guntun sabulu a gefe.

UWARGIDA: Alhaji lafiya ka tsare ƙofa ko kunu ba ka sha ba?

ALHAJI: Doka nake tsarewa. Shugaba Isufu da bakin shi ya ce kar a tara mutum sama da hamsin wuri guda, ni kuwa ba a san ni da taka doka ba.

UWARGIDA: Wannan ai maganar watan Maris ce. Jiya da wa ka yi idi, ba kafaɗa da kafaɗa na ga kun dawo ba?

ALHAJI: Jiya ibada ce, Allah ke tsarewa. Yau kuwa nama ne.

(Sai ga Mushe, ɗan ƙanwar Alhaji, ma'aikaci ne a Yamai, ya sha kilomita kusan 900 cikin bis don ya yi sallah gida. Takunkumi biyu ya sa, ɗaya kan ɗaya, da kwalbar jel rataye a wando.)

MUSHE: Salamu alaikum Kawu, barka da sallah, an yi sallah lafiya? Yi haƙuri ba zan ba ka hannu ba, ga dai gwiwar hannu.

ALHAJI: Madalla da ɗan boko, yau dai karatun ka ya yi rana. Gaya wa gwaggon ka dokar hamsin tana nan ko ba ta nan?

MUSHE: To Kawu, gaskiya masallatai tun 13 ga Mayu aka buɗe, yara sun koma lakwal 1 ga Yuni, yau ɗin nan ma 1 ga Agusta jirage ke komawa tashi, donk abubuwa sun yi sauƙi, iyakokin ƙasa ne dai har yanzu rufe. Amma ciwon bai tafi ba fa, cikin azumi ma nan Zinder ya taɓa mutane sosai, a dai yi hankali.

ALHAJI: Kin ji ko, ya ce a yi hankali. Sauran duk ban ji ba, takunkumi ya toshe min kunne. Bari in yi lissafi. Ni ɗaya. Ke biyu. Amarya biyar.

UWARGIDA: Amarya biyar kamar yaya?

ALHAJI: Ba ciki gare ta ba? Kuma yadda take ci ɗin nan ina zaton tagwaye ne. Yara goma sha huɗu, sha tara ke nan. Iya ashirin. Almajiranmu uku, ashirin da uku. Raguna biyu...

MUSHE: Kawu raguna kuma? An yanka su jiya fa.

ALHAJI: Suna cikin gidan ko ba su ciki? Ashirin da biyar. Sai Habu na Kano, ashirin da shida.

UWARGIDA: Habun da ka ce tunda iyaka na rufe ba shi da kaso bana?

ALHAJI: A nama ba ya nan, a lissafi yana nan, ɗa na ne ai.

(Nan Uwargida ta yi wani ɗan tari ta kau da kai, ku riƙe wannan. Sai ga Iya ta fito da sanda, mahaifiyar Alhaji, wadda duk Birni ba wanda ya taɓa jin ta kama sunan shi tunda ɗan fari ne.)

IYA: Wa nake ji kamar mijina na Yamai? Zo nan ja'iri, me ka ɗaure baki da shi, ko bashi ka ci kake ɓuya?

MUSHE: Iya barka da sallah, tsaya daga nan, mita ɗaya tsakani, ku tsofaffi ku ciwon ya fi kamawa, don ke nake yi wallahi.

IYA: Mita ɗaya? To goron sallah na fa, shi ma daga mita ɗaya za ka jefo? Ni na ga yunwar 1973 na ga ta 1984, na ga sanƙarau ya shiga garin nan ya fita, yanzu kai da na wanke wa kashi za ka miƙo min gwiwar hannu. Kawo kunnen nan.

MUSHE: Wayyo Iya, bari in sa miki jel tukuna!

IYA: (ta shinshina) Wannan ai warin giya yake. Kai wannan, kana zaune ɗan ƙanwar ka na yawo da giya a wando ran sallah?

ALHAJI: Magani ne Iya. Mushe kar ka ɓarnatar, ga buta nan kowa ya wanke hannu, amma buta ɗaya ce ta yau duka, wanda ya zo ta ƙare ya haƙura sai baɗi.

UWARGIDA: Haba Alhaji, buta ɗaya? Wata biyu fa gwamnati ta ɗauke maka kuɗin ruwa da kuran, Afrilu da Mayu, ina kuɗin suka shiga?

ALHAJI: Pompon da sai ƙarfe ukun dare yake tsiyaya in ya ga dama? Iska aka yafe min. Ruwan da muke sha wajen ɗan garuwa nake saye, shi kuwa bai ji jawabin shugaban ƙasa ba.

(A nan kam ko ni ba zan ƙaryata Alhaji ba, wanda ya zauna Damagaram ya san zancen ruwa. Ana cikin haka sai ga Jauro, Bafulatanin da ya kawo ragunan, da sanda a wuya.)

JAURO: Salamu alaikum Babarbare bawa na, an ci nama an ƙoshi? Na zo karɓar cikon kuɗi na, jika ashirin, ka ce washegarin sallah.

ALHAJI: Tsaya nan Jauro kar ka matso! Daga ina kake?

JAURO: Daga ruga mana, bayan Mirya.

ALHAJI: Mirya! Inda aka yi rigima a Maris don an hana jam'i? Ai ku ba ku yarda da ciwon ba ma. Kuma likitoci sun ce kuɗi hannu da hannu suke yawo, su ke ɗaukar cuta, ni ba zan cuce ka ba, kuɗin ka na sa su karantan, kwana goma sha huɗu, in ba su yi tari ba ka dawo.

JAURO: Aradu ka ji Babarbare. Ranar da ka karɓi raguna ba ka sa su karantan ba, har haƙoran su ka buɗe da hannun ka kana leƙe. To ba komi, ni ma na shiga karantan, nan zauren zan yi kwana sha huɗun in tsare kuɗi na, a kawo min fura da cinya ɗaya.

ALHAJI: Ashirin da bakwai da Mushe, ba wuri, gida ya kusa cika.

JAURO: Ashirin da bakwai ne kusa da hamsin? Shanu nake ƙirgawa tun ina yaro, ba a yi min wannan.

(Ya shimfiɗa buzu ya zauna abin shi. Kafin Alhaji ya samu amsa sai ga gwaggwanni daga Zango da Garin Malam, kowace da goyo da kwano, bayan su kuma maroƙi ya saki murya.)

MAROƘI: Alhaji na Iya, giwa mai ban tsoro! Mai raguna biyu ba bashi...

JAURO: Da bashi!

ALHAJI: Kai rufe baki, kirari yawu yake fesawa, ta nan ciwon ke bi. In dole sai ka yi, sa takunkumi.

MAROƘI: Ranka ya daɗe na sa. (cikin takunkumi) Mmmhaji na Mmmya...

ALHAJI: Ban ji komi ba, abin da ban ji ba kuwa ba na biya.

MAROƘI: To bari in cire in yi ɗaya waƙar, wadda na tanada, ta mai gidan da ya ƙirga matattun raguna cikin iyalin shi, in fara daga nan in ƙare kasuwar Dole.

ALHAJI: Wa ya gaya maka wannan?

MAROƘI: Katangar ka gajera ce ranka ya daɗe.

(Sai wayar Alhaji ta yi ƙara, kiran bidiyo a WhatsApp.)

ALHAJI: Yawwa ga Habu daga Kano, ku yi shiru ku ga yaron kirki mai bin doka. Habu! Barka da sallah, ya Kano?

HABU: Lafiya lau Baba, wallahi ina kewar gida, ga iyaka rufe ta can Buhari ya rufe tun bara ta nan ma an rufe, ba hanya sam. Baba ko za a turo min ɗan na sallah?

ALHAJI: Rezo ba kyau, ban ji ƙarshen ba. Amma ka yi ƙiba fa, me kake tauna haka?

HABU: Ɗan kayan ciki ne maƙwabta suka ba ni.

MAROƘI: Habu na Alhaji, ɗan giwa...

ALHAJI: Tsaya. Mushe zo ka ji, muryar maroƙin nan ta fito ta cikin waya. Kano ma akwai irin shi?

MUSHE: Kawu... labulen da ke bayan shi ma kamar na ɗakin Gwaggo.

ALHAJI: Kuma wannan kwallar, ni na saye ta! Habu kana ina?

IYA: Yana ɗakin uwar shi tun ran Laraba, ta daji ɗan kabu-kabu ya shigo da shi ta wajen Magarya, ni na biya kuɗin. Hantar da ka yi ta nema jiya kana zagin kyanwa, miji na ne ya ci, sai me?

MUSHE: Innalillahi, daga Kano ta daji, ba gwaji ba komi? Iya wannan fa ba wasa ba ne, kun ji irin mace-macen da aka yi Kano cikin Afrilu.

ALHAJI: Hantar duka?

MUSHE: Kawu ana maganar ciwo.

ALHAJI: Ni ma shi nake ji.

(Gida fa ya cika, gwaggwanni sun wuce ciki ba wadda ta kalli buta, yara sun kewaye raguna, Alhaji ya duba kaye ya ga ko ya ƙirga kaji ba za a kai hamsin ba. Sai dabara ta faɗo mai. Ya dafe ƙirji ya kama tari, ƙoho ƙoho, har da lumshe ido.)

ALHAJI: Wayyo, tun jiya nake jin zazzaɓi, ga maƙoshi na kamar an zuba yaji, ko ƙanshin naman nan ba na ji. Jama'a ku tsira da ranku, kowa ya koma gida, na yafe gaisuwa!

GWAGGO TA ZANGO: Subhanallahi! Yara ku ja baya. Sannu Yaya, to a zuba mana namu mu tafi da shi.

MUSHE: Kar kowa ya motsa. Zazzaɓi, tari, rashin jin ƙanshi, Kawu alamun sun cika cif. Yanzu zan kira 15, lambar likitocin korona, su zo da mota.

ALHAJI: A'a a'a, ba sai an kira ba, ya fara sauƙi.

MUSHE: To in ba a kira ba sai ka shiga turaka kai kaɗai, kwana goma sha huɗu, ba fita ba baƙo, abinci a ajiye maka bakin ƙofa. Kuma ba ka taɓa nama ba ka taɓa wuƙa, abin da jama'a za su ci ne.

UWARGIDA: Mai zazzaɓi ai ba ya son maiƙo, kunun kanwa zan dama mai. Alhaji kawo makullin sito.

ALHAJI: Makullin ai na taɓa shi, akwai cuta jiki.

MUSHE: Ga jel.

IYA: Zuba mai giyar da kyau. Ke kuma ɗauko wuƙa, a fara da na Zango, cinya guda, suna da yawa.

ALHAJI: Iya cinya guda?! Wallahi lafiya ta lau, ƙarya nake, ga shi ina jin ƙanshi har na yajin gidan maƙwabta!

IYA: Jiya wa ya ce min ciwon nan har wanda bai san yana da shi ba yana da shi? Wuce ciki.

JAURO: Babarbare kafin ka shiga, aljihun nan na dama, su nasu karantan ɗin ya isa haka. Likita zuba musu maganin.

MAROƘI: Alhaji na Iya, mai rabon cinya-cinya! Bana ka yi abin da ba ka taɓa yi ba!

ALHAJI: (daga cikin turaka, ta taga) Mushe! Wannan kwana sha huɗun, ba a ragi?

MUSHE: Babu Kawu.

ALHAJI: To a turo min Habu, ai shi ma daga Kano ya zo, mu yi tare. Kuma ya taho da kwallar.