Khal ɗin Modena: Sana'ar Da Ribarta Ke Cikin Abin Da Ka Bari A Ganga

Jama'a, akwai wata kwalba da ake gani a manyan kantuna, baƙin ruwa a ciki, an rubuta Balsamico a jikinta. Mutane da yawa sun ɗauka shi ne shahararren khal (ruwan tsamin abinci, vinegar) ɗin Italiya da ake yabo. Ba shi ba ne. Na ainihin a gidajen iyalai ake yin sa, a lardunan Modena da Reggio Emilia da ke arewacin Italiya, yankin manoman inabi, kuma a ganina duk cikin sana'o'in da suka rataya a kan inabi babu wadda ke neman kamun kai kamar wannan.

Ruwan inabi ne kaɗai ake yin sa da shi, ba a ƙara komai. Irin da aka fi amfani da su Trebbiano da Lambrusco, a tsinke su a watan Satumba ko Oktoba idan sun nuna sosai. Kilo 100 na inabi yakan ba da wajen lita 70 na ruwa. Da an matse sai a ɗora a wuta a buɗaɗɗiyar tukunya, ba a bari ya kwana, domin idan ya fara tsimuwa kafin dahuwa an riga an ɓata shi. Wutar a hankali take, zafin ya ɗan haura digiri 80 amma kada ya kai ga tafasa mai ƙarfi, a yi awa 12 zuwa 24 ana kwashe kumfa, har ruwan ya ragu da kashi ɗaya cikin uku ko ya koma rabi. Kuskuren farko a nan yake faruwa. Mai gaggawa ya ƙara wuta, sukarin ya kama a gindin tukunya, ɗacin ƙonewa ya shiga, kuma ɗacin nan ko shekara ashirin ba ta fitar da shi, sai ma ƙara fitowa fili da yake yi yayin da ruwan ke kauri. Wanda kuma ya dafa shi ya yi kauri fiye da kima don yana son zaƙi, ya rufe wa ƙwayoyin da za su yi aikin hanya. Ba sa iya rayuwa cikin sukari mai yawa haka, sai a tashi da zuma-zuma mara tsami wadda daga baya za ta daskare a ganga.

Bayan ya huce ana zuba shi a babbar ganga, su suna ce mata badessa. Yis ya ci wani ɓangare na sukarin ya mai da shi barasa kaɗan, bakteriyar khal kuma ta bi barasar ta mai da ita tsami. Na faɗi wannan ƙarara saboda mai karatu Musulmi ya san hanyar da abin ya bi. Duk khal na duniya ta wannan mataki yake ratsawa, khal kuma abinci ne da hadisin da Muslim ya ruwaito ya yaba. Malamai sun yi bayani a kan bambancin wanda ya juya da kansa da wanda aka juyar da gangan, mai son hukunci ya koma gare su. Ni sana'ar nake magana a kai.

Gangunan da ake jerawa su ne zuciyar aikin, batteria suke ce wa jerin. Yawanci guda biyar zuwa bakwai, kowace ta fi ta gabanta ƙanƙanta, misali lita 60, 50, 40, 30, 20. Katakon ma ba iri ɗaya ba ne: itacen ok yana riƙe ruwa da kyau, casnot yana ba da duhun launi, ceri yana sa ƙanshin 'ya'yan itace, malberi mai ramuka ne don haka ruwa ke saurin ƙafewa a cikinsa, junifa kuwa ƙanshinsa mai ƙarfi ne, idan ya yi yawa sai ya danne saura. Ba a cika ganga har baki, kashi uku cikin huɗu ake zubawa, kuma ba a toshe ta. Akwai faffaɗan rami a samanta da ake rufewa da ƙyallen auduga, wasu su ɗora dutsen rafi a kai. Bakteriyar khal da iska take aiki, ƙyallen kuma ƙura da ƙananan ƙudaje yake tarewa. Sabuwar ganga ba a fara aiki da ita kai tsaye, sai an wanke ta da tafasasshen ruwan gishiri, an bar khal a cikinta na tsawon watanni har katakon ya sha.

Masu giya ɗakin ƙarƙashin ƙasa suke nema, inda sanyi ba ya sauyawa. Masu wannan khal kuwa can sama suke kai gangunansu, ɗakin da ke dab da rufin gida. Zafin bazara ya dake su, ruwa ya ƙafe, tsami ya ginu. Hunturu ya zo komai ya tsaya cik, laka ta kwanta, ruwan ya washe. Shi ya sa ake taɓa gangunan a lokacin sanyi, sau ɗaya a shekara.

Ga yadda ake yi, kuma a nan nake so a tsaya a lura. Ana ɗibar ɗan kaɗan daga ƙaramar ganga, shi ne abin sayarwa ko na gida. Sai a cike giɓinta daga wadda ke bi mata, ita ma a cike ta daga ta gaba, a haka har a kai ga babbar, wadda za ta karɓi sabon ruwa daga badessa. Mu yi lissafi da gangunan nan biyar. Idan kowace tana ɗauke da kashi uku cikin huɗu, jimilla lita 150 ke nan. A ce kashi ɗaya cikin goma ya ƙafe a shekara, lita 15 ta tafi a iska. Mai gida ya ɗebi lita 2. Dole ya zuba lita 17 na dafaffen ruwa, wato kusan lita 34 kafin dahuwa, wato inabi wajen kilo 50. Kilo 50 ya shiga, lita 2 ta fito, kuma sai bayan an yi shekara 12 ana zubawa ba a sayar da ko cokali ba.

To yanzu a ce kuɗi ya matse shi, ko mai saye ya zo da farashi mai tsoka, ya ɗebi lita 5 daga ƙaramar gangar da ke da lita 15. Kashi ɗaya cikin uku na tsohon ya tafi, wanda bai kai shi shekaru ba ne ya maye gurbinsa, kuma girgizar za ta bi layin har babbar ganga. Ya maimaita shekara uku, sunan dai yana nan, gangunan kakansa ne, amma abin da ke ciki ya zama yaro. Ba wanda zai gani da ido a ranar. A baki ake ganewa: tsami mai kaifi da ke tsaye shi kaɗai, zaƙi a gefe, ba su narke cikin juna ba. Gwanintar mai wannan sana'a, in an tambaye ni, ta fi bayyana a yawan abin da ya hana kansa ɗiba fiye da dahuwa ko zaɓen katako.

Sauran matsalolin na kullum ne. Wani lokaci wata fata mai kauri kamar tantani takan rufe saman ruwan, sai a cire ta, domin tana cin amfanin tana hana iska. Tsami yana cin zoben ƙarfe, tsohuwar ganga ta fara tsatsafa. Ba a jefar da ita, kafinta yakan gina mata sabuwar ganga a kewaye ya bar tsohon katakon a ciki, don ƙanshin shekaru a jikinsa yake. Girgizar ƙasar da ta auka wa yankin a watan Mayun 2012 ta ɓarar da khal a gidaje da dama, asarar da kuɗi ba ya mayarwa sai shekaru. A al'adarsu ana kafa sabon jeri idan an haifi 'ya mace, ya zama cikin kayan ɗakinta ranar aure.

Tarayyar Turai ta ba wannan khal kariyar suna ta DOP a shekarar 2000, wato tambarin da ke tabbatar da cewa a yankinsa aka yi shi tun daga inabi har kwalba. Cikakken sunan na Modena shi ne Aceto Balsamico Tradizionale di Modena. Kafin a zuba shi a kwalba sai kwamitin masu ɗanɗano ya gwada ya amince, wanda ya faɗi a mayar da shi ganga. Na Modena kwalba iri ɗaya ce ga kowa, mililita 100, mai ƙwallon ciki da gindi mai kusurwa huɗu, wanda ya zana ta kuwa Giorgetto Giugiaro ne, mutumin da ya zana motar Golf ta farko. Shekara 12 ce mafi ƙaranci, wanda ya kai 25 ake ce masa extravecchio.

Abin da ke ci mini rai shi ne sunan. A 2009 aka ba wani kayan daban kariyar IGP, tambarin yanki mai sassaucin sharuɗɗa fiye da DOP, da sunan Aceto Balsamico di Modena. Wannan haɗi ne na ruwan inabi da khal ɗin giya, an yarda a sa masa ƙonannen sukari har kashi 2 cikin ɗari don launi, kuma kwana 60 a katako ya wadatar. Ba kayan banza ba ne, yana da kyau a kwaɗon ganye, kuma da farashin da talaka zai iya. Amma kalma ɗaya ce tal ta raba su a rubuce, Tradizionale. A 2019 kuma kotun Tarayyar Turai ta yanke cewa kalmar balsamico ita kaɗai ba ta cikin kariyar, kowa na iya amfani da ita. Wanda ya fi cutuwa shi ne ƙaramin gidan da ke fitar da 'yan kwalabe a shekara, domin mai saye yana ganin suna kusan ɗaya, farashi kuwa sama da ƙasa, sai ya ɗauka tsadar son rai ce.

Mai son tantancewa ya juya kwalbar ya karanta abin da aka haɗa. Na ainihi abu ɗaya zai gani, mosto cotto, wato dafaffen ruwan inabi. Idan ya samu, kada ya zuba shi a tukunya, wuta tana kore ƙanshin. Ɗigo uku ko huɗu ake sawa a kan cukun Parmigiano ko gasasshen nama bayan an sauke, a ci nan take.