Gemun Auduga a Agege

Wallahi ni na ja wa kaina. Ranar da azumi ya kai goma muna zaune a ƙofar masallaci nan Agege bayan asham, na ce yau fa a Kano an fara tashe, sai wani yaron maƙwabcinmu ya ɗago kai ya ce "Kawu, tashe abinci ne?" Bahaushe ne gaba da baya amma a Legas aka haife shi, Yarbanci a bakinsa kamar ruwa. Abin ya tsaya min a rai.

Washegari na tara yara takwas ina ta zuba musu labari, Jatau mai magani da tarkacen saiwoyinsa, mai ƙiriniya da ake ɗaure wa igiya a ƙugu yana fizge-fizge, 'yan mata da Samodara, har Nalako da yake farautar gwauraye a Kano ban bari ba. Muka tsaya kan tsoho da gemu don shi ne mai sauƙin kaya. To amma wa zai zama tsohon? Kowa ya noƙe, wai za a yi musu dariya a makaranta. Ni da shekara 34 na ce ku kawo.

Na cusa tsumma a baya ya zama doro, na samo sanda, auduga kuma na sayo a kemis. Mu da muna yara da ƙaro muke liƙawa, a nan ina zan ga ƙaro? Na gwada koko, zufar Legas ta wanke shi kafin in kai bakin ƙofa. Sai yaron nan dai mai tambayar abinci ya ruga ya dawo da sufa gulu, ya ce "Kawu wannan ba ya fita." Gaskiya ya faɗa min, ni ne ban saurara ba.

Muka fita da jarka da gwangwanin madara a matsayin ganga, ina tafe ina rawar jiki ina tari yara na amshi, kai abin ya yi kyau fa, matan layinmu 'yan Arewa har da guɗa, wata Hajiya ta ce rabonta da ganin tashe tun tana budurwa a Zariya. Matsalar ta faro ne daga gidan da nake haya. Baba mai gidan Bayerabe ne musulmi, su kuma a wajensu in ka ji kiɗa da dare cikin azumi to 'yan ajisari ne masu tashin mutane sahur. Bawan Allah ya ɗan kishingiɗa, ya ji jarka, ya tashi ya hau teba. Sai da ya ci rabi ya kalli agogo, tara da rabi. Ya fito da kwano a hannu yana faɗa, ya dube ni sama da ƙasa bai gane ni ba, ya rusuna ya ce "Baba ku yi haƙuri," ya juya kan yaran.

Mun samu naira 1,350 da fiya wata huɗu, yara suka rabe abinsu.

Da na dawo ɗaki na ja gemu, gemu ya ce bai san zancen ba. Ruwan zafi, man ja, har kananzir na shafa, haka na yi sahur komai warin risho yake. Da safe dole na fita Mile 12 wajen albasata, kwandastan danfo da kullum muke rigimar canji da shi ya riƙo hannuna ya hawar da ni a hankali. 'Yan rumfarmu kuwa ba wanda ya yi ciniki sai da aka gama ɗaukata hoto.

Wanzami ne ya raba mu, ya haɗa da gemuna na gaske da na shekara uku ina tattali, ya karɓi naira 1,500. Da daddare uwargida ta kira bidiyo daga Kano, ta yi shiru tana kallona, can ta ce "Dan Allah yaro ba mai wayar."