Fayil ɗin da ba ya ɓacewa

Saura kwana uku wa'adin miƙa lissafin shekara na wani kamfani ya cika, aka kwantar da akantan da ke riƙe da aikin a asibiti. A wani ƙaramin ofishin akanta ne a Landan, kuma ba wanda ya ɗaga waya ya kira shi. Wata ma'aikaciya ce ta buɗe manhajar ofis, ta ga bayanan banki na wata goma sha ɗaya sun iso, na Disamba kaɗai ya rage, kuma an riga an tura wa mai kamfanin tunatarwa sau biyu. Ta ɗora daga inda ya tsaya. Ku da ke gida Najeriya kun san yadda abin zai kaya a yawancin ofisoshinmu, ba sai na faɗa ba.

Kada a ɗauka Turawa sun fi mu son tsari ne. Tara ce ta ladabtar da su. Kamfani a Ingila yana da wata 9 bayan ƙarshen shekarar kuɗinsa ya miƙa lissafi ga Companies House, hukumar rajistar kamfanoni. In ya makara ko da kwana ɗaya ne, fam 150 ke nan; bayan wata ɗaya ta koma 375, bayan wata uku 750, in an haura wata shida 1,500. Hukumar haraji ta HMRC kuwa tun 2019 ta fara tilasta miƙa VAT, wato harajin da ake ɗorawa kan kayan da aka sayar, ta manhaja, a 2022 ta haɗa da duk mai rajistar VAT.

Abu biyu ne ake haɗawa a ofis, kuma mutane na yawan cakuɗa su. Na farko ma'ajiyar takardu. Duk takardar da ta shigo, a ranar ake sikanin ɗinta a ma'aunin ingancin hoto na 300 dpi, domin in hoton bai fita ba, manhajar da ke karanta rubutu sai ta riƙa ɗaukar 1 a matsayin 7, 3 a matsayin 8. Salon suna ɗaya ne tak: shekara, wata, rana, lambar kwastoma, sai irin takardar. Ana amfani da lamba ne saboda in aka bar wa suna, za ka tarar da kwastoma ɗaya a jaka uku, don mutum uku sun rubuta sunansa iri uku. Rasit ɗin injin kanti koɗewa yake yi in ya sha zafi, shi ya sa ake sa kwastoma ya ɗauki hotonsa nan take da manhaja irin Dext. Ma'ajiyar ce kuma ke ƙirga lokaci: bayanan lissafin kamfani shekara 6 ake riƙe su, takardun shaidar kwastoma kuwa dokar hana halasta kuɗin haram ta 2017 ta ce shekara 5 bayan an rabu da shi.

Na biyu shi ne mai bin sawun aiki, irin Karbon ko TaxDome. Kowane aiki an raba shi mataki-mataki: neman takardu, shirya lissafi, dubawa, amincewar babban akanta, sa hannun kwastoma ta intanet, miƙawa. Kowane mataki da mai shi da ranarsa. In an saita shi da kyau, wanda ya shirya lissafi ba zai iya duba kansa ba, kuma aikin ba ya motsawa sai mai dubawa ya latsa amincewa.

Ba a nan Ingila ma komai ke tafiya sumul ba. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a kwashe tarkacen tsohuwar kwamfutar ofis gaba ɗaya a zuba a sabuwar ma'ajiya, har da fayil biyar masu suna "na ƙarshe". Abin da ya dace shi ne a ɗauki kwastomomin da ake aiki da su yanzu, da takardun da doka ta ce a riƙe, sauran a kulle su a wuri guda, a karanta kawai ban da gyara. Sai a gwada da kwastoma goma zuwa ashirin na tsawon wata guda kafin a shigar da kowa. Wanda ya fara wannan a Janairu, lokacin da kowa ke tseren wa'adin harajin ɗaiɗaikun mutane na 31 ga wata, shi ya jawo wa kansa. Akwai kuma masu zaton tunda fayil yana rumbun intanet shi ke nan an adana. Ina! In aka goge shi a kwamfuta ɗaya, gogewar za ta bi shi ko'ina. Kwafi uku ake so, a wuri iri biyu, ɗaya a wajen ofis, kuma a riƙa gwada dawo da shi. Ranar da ma'aikaci ya bar aiki, ranar ake rufe ƙofar shigarsa. Amma wanda ya fi kowa kashe tsarin shi ne babban akantan da zai buga takarda, ya yi gyara da biro, ya tura durowa. Daga ranar an koma da gaskiya biyu a ofis, ta manhaja da ta durowa.

Na san abin da za a ce min: wuta fa, intanet fa? Gaskiya ne, kuma ba na jin daɗin yadda wasu a nan suke maganarmu kamar ba mu taɓa ganin kwamfuta ba. Akantan da ya ci jarrabawar ICAN ko ANAN, ƙungiyoyin ƙwararrun akantoci na Najeriya, ba ya jin tsoron kowa a fagen lissafi, ga shi ya san kwastomansa ido da ido, abin da ya yi ƙaranci a nan inda za ka shekara kana yi wa mutum aiki ba ka ji muryarsa ba. Amma uzurin wuta ya fara tsufa. Tun 2021 aka kawo TaxPro-Max, shafin miƙa haraji ta intanet na hukumar harajin tarayyar Najeriya, kuma akantocinmu suna miƙa VAT ta intanet duk wata. Rasit ma ta WhatsApp kwastomomi ke turowa. Matsalar ita ce yana shiga wayar ma'aikaci ɗaya, WhatsApp ya matse hoton har lambobi su dushe, ranar da aka sace wayar kuma an sace rabin fayil.

Abin da nake zargi ya fi wuta ƙarfi shi ne tarihin da manhajar ke ajiyewa. Tana rubuta wanda ya buɗe takarda, da ƙarfe nawa, da abin da ya sauya, da kwana nawa aiki ya yi a kan teburin wa. A gida, in takarda ta ɓata, masinja ko ƙaramin akawu ake tsarewa, shi zai sha faɗa a gaban kwastoma, ya ce "Yallaɓai, a yi haƙuri", alhali kowa ya san fayil ɗin ya yi sati uku a ofishin oga yana jiran sa hannu. A nan ƙaramin ma'aikaci ba ya rantsuwa ko neman shaida, allon kawai zai juya wa mai tambaya. Wanda zai sa hannu a sayi manhajar kuwa shi ne dai wanda sunansa zai fi fitowa a jerin ayyukan da suka makale, don haka ban ga yana gaggawa ba.